Mai Sani Ya Tashi Aiki, Mai Kunnawa Bai Sani Ba

A ƙarshen shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikin da suke ci da shi. Kimanin 330,000 daga cikinsu hatsari ne ke kashe su, sauran miliyan 2.6 kuwa cututtuka ne da aikin ya shuka musu a hankali, kamar ƙura a huhu, guba a jini da ciwon zuciya. Wasu miliyan 395 kuma suna jin rauni su rayu. Wanda ya zauna ya karanta rahotannin binciken da ake yi bayan manyan hatsarori zai ga abu guda yana ta maimaituwa, wato da wuya a tarar da haɗarin da babu wanda ya san da shi. Galibi akwai wani a wurin da ya san tsanin nan ya tsage, ko wayar nan tana da wuta, ko an kwance wani ƙarfe ba a mayar ba, sai dai saninsa ya tsaya a kansa ko a cikin wata takarda, bai kai ga wanda zai hau ko zai taɓa ko zai kunna ba. Manhajojin da ake yi yanzu don gano haɗari da tsara aiki suna da amfani na gaske a wannan giɓin, kuma a ganina da ma'auni guda ya kamata a auna su: suna kai sani ga mai buƙatarsa kafin ya sa hannu, kuma sanin yana da ikon sauya yadda za a yi aikin?

Dabarar da manhajojin suka ginu a kanta ta girme su nesa ba kusa ba. Ana ɗaukar aiki guda a rarraba shi mataki-mataki, a kowane mataki a tambaya me zai iya lalacewa, wa zai shafa, da me za a tare shi. A ce an kawo wa mai walda tankin mota ya like. Zubar da sauran man mataki ne, wanke tankin mataki ne, tabbatar da cewa babu tururin mai a ciki mataki ne na daban, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, domin tankin da ido ya ga babu komai a cikinsa yana iya fin cikakke saurin fashewa. Bayan an jera haɗarurrukan sai a ba kowanne maki biyu, na yiwuwar aukuwarsa da na munin abin da zai jawo, a riɓanya su, a fara da wanda ya fi nauyi. A Birtaniya doka ta wajabta wa duk mai ma'aikata biyar ko fiye ya rubuta irin wannan nazari, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta daɗe tana koyar da shi. An yi shekaru ana yinsa da biro da takarda, kuma ya ceci rayuka. Raunin takarda shi ne tana zaune inda aka ajiye ta, ba ta san da wanzuwar 'yar'uwarta da ke wani akwati ba.

Babu misalin da ya fi fito da wannan rauni kamar abin da ya faru a dandamalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kimanin kilomita 190 daga birnin Aberdeen, ranar 6 ga Yulin 1988. Dandamalin yana da manyan famfuna biyu masu tura ruwan iskar gas, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. A ranar, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya daga bututun famfon da ke hutawa domin a duba lafiyarsa, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi wanda bai ɗauru sosai ba. Yamma ta yi ba a gama ba, aka dakatar da takardar izinin aikin aka ajiye ta, ba tare da an yi wa masu karɓar aikin dare bayani baki da baki ba. Akwai kuma wata takardar izini ta daban a kan famfon da kansa, ta babban gyaran da ba a kai ga farawa ba. Wajen ƙarfe goma saura kwata na dare famfon da ke aiki ya tsaya. Masu aikin dare suka duba, suka ga takardar babban gyaran, suka ga ba a taɓa famfon ba, suka yanke cewa za a iya tayar da shi. Takardar bawul ɗin ba ta zo hannunsu ba domin ba a haɗa ta da ta famfon ba. Binciken da Lord Cullen ya jagoranta, wanda ya fito a 1990 da shawarwari 106, ya kammala cewa mafi rinjayen bayani shi ne gas ɗin ya tsiyayo ta wannan faifan ya kama wuta. Wani abin takaicin kuma, famfunan kashe gobara an mayar da su sai an kunna da hannu saboda kare masu ninƙaya da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, ga shi hayaƙi da wuta sun hana kowa isa gare su. Mutum 167 suka mutu, 61 suka tsira.

Duk bayanin da ake buƙata don hana wannan bala'i yana kan dandamalin a rubuce, da sa hannu. Abin da manhajar izinin aiki ke yi a yau, a matatun mai da masana'antu da tashoshin lantarki, shi ne ɗaure kowace takarda da na'urar da ta shafa. Famfo da bawul ɗinsa da makunninsa suna zama iyali guda a cikin kwamfuta, ta yadda wanda ya nemi tayar da famfon zai ga duk aikin da ke buɗe a kansa, kuma manhajar za ta ƙi ba da izinin cire makullin lantarki har sai an rufe takardar bawul. Haka nan idan mutum biyu suka nemi izini a wuri guda, ɗaya zai yi walda ɗaya zai buɗe bututun mai, taswirar da ke allon za ta nuna karon tun kafin kowa ya ɗauki kayan aiki. Wannan aiki ne da ƙwaƙwalwar mutum mai gajiya a ƙarshen awa goma sha biyu ba ta iya riƙewa, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa kuma ba ta tashi aiki.

Amfani na biyu na manhajojin shi ne tara ƙananan abubuwan da suka kusa zama hatsari. Guduma ta faɗo daga bene ba ta sami kowa ba, ƙafar wani ta zame bai faɗi ba, wuta ta ɗan ja wani ya yi dariya ya wuce. Ɗaya-ɗaya ba su da nauyi, amma idan aka tara na wata shida aka ga rabinsu a lungu guda suke faruwa, ko a sa'a guda bayan canjin ma'aikata, to an gano wani abu da babu shugaban leburorin da zai iya gani da idonsa. Na uku kuma shi ne awo. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta saki manhajojin waya kyauta: wata tana nuna ko tsani ya jingina daidai, wato kusan digiri 75, wata tana auna ƙara, wata tana faɗin tsananin zafi da matakin da ya kamata a ɗauka. Ƙa'idar cibiyar a kan ƙara ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti goma sha biyar ne kacal. Mai injin niƙa da ya wuni a gefen injinsa bai taɓa jin wannan lissafi ba, kunnensa ne ke biya. A manyan gine-gine kuma ana zana ginin gaba ɗaya a kwamfuta kafin a haƙa tushe, manhaja ta bi bene-bene ta nuna kowane gefe da rami da mutum zai iya faɗawa, a sa shingensu cikin kasafin kuɗi tun daga farko.

Sukar farko da ake yi wa waɗannan manhajoji tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi saurin kawar da ita ba. Masu sukar suna cewa manhaja tana sauƙaƙa cike fom ne, ba ta sauƙaƙa tunani. Da takarda ko babu komai mutum zai rubuta da hannunsa, da waya kuwa yana iya kwafo nazarin jiya ya danna "an duba" sau ashirin yana zaune a mota, bai taka wurin aikin ba. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan matsala kaifi, domin yanzu ana iya rubuta mata "gyaran rufin kwano" ta fito da shafi uku masu tsari da kyan gani cikin daƙiƙa kaɗan. Za ta ambaci faɗuwa da yankan kwano da zafin rana, kuma duk gaskiya ne. Ba za ta san cewa wayar lantarki ta ratsa ta saman wannan rufin ba, ko cewa gara ta cinye katakon kusurwar gabas, ko cewa yaron da zai miƙa kwanon jiya ya fara aiki. Amsar wannan suka tana cikin yadda aka gina manhajar da yadda ake amfani da ita. Wadda ta cancanci kuɗinta tana neman hoton wurin na ranar, tana buƙatar a cike ta a inda za a yi aikin tare da masu yinsa, tana kuma da gurbin da lebura zai faɗi abin da ba ya cikin jerin. Jerin da na'ura ta kawo ya zama abin buɗe taro na minti goma kafin a fara aiki, inda za a tambayi birkila da kafinta me aka manta. Idan aka tsallake wannan taron, abin da aka samu shi ne shaidar da kamfani zai nuna wa kotu, kuma ma'aikata suna saurin gane takardar da aka yi don kare su da wadda aka yi don kare ofis.

Akwai wata alama mai sauƙi ta gane nazarin da aka yi da gaske. Masana sun jera hanyoyin tare haɗari daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni: a kawar da shi gaba ɗaya, ko a musanya abu mai cutarwa da marar cutarwa, ko a sa shinge da na'ura tsakaninsa da mutum, ko a sauya tsarin aiki, sannan daga ƙarshe a ba mutum hular kwano da safar hannu da takunkumi. Nazarin da kowane layinsa ya ƙare da "a sa kayan kariya, a yi hattara" ya fara ne daga ƙasan jerin, ya ɗora wa ma'aikaci nauyin duka. Manhaja tana iya gyara wannan ɗabi'a idan aka tsara ta ta riƙa tambaya da farko ko za a iya haɗa ƙarafan a ƙasa a ɗaga su da inji maimakon mutum ya hau, kuma ta ƙi wucewa sai an ba da dalili.

Suka ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ta shafi manyan da ke yanke hukunci. Manhaja tana son abin da ake ƙirgawa, tana kuma mayar da shi zane mai launi a allon shugaba. A ranar 23 ga Maris na 2005 matatar kamfanin BP da ke Texas City a Amurka ta fashe, mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka ji rauni. Kwamitin da tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya jagoranta ya gano a 2007 cewa kamfanin ya dogara da raguwar ƙananan raunuka, irin su zamewa da yankewa, ya ɗauka hakan na nufin na'urorinsa ma lafiya suke. Shekara biyar bayan fashewar, ranar 20 ga Afrilun 2010, wasu manyan jami'ai suna kan dandamalin Deepwater Horizon a Tekun Meziko, kuma cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba tare da raunin da ya hana wani zuwa aiki ba. A daren ne rijiyar ta yi bindiga ta kashe mutum 11. Ƙirga raunukan da suka wuce ihu ne bayan hari, kuma ba ya faɗin komai game da bawul ɗin da ya wuce lokacin dubawa. Abin da ya kamata allon ya nuna shi ne gyare-gyare nawa aka ɗage, rahotannin haɗari nawa ke buɗe ba a taɓa su ba, da kwana nawa suka yi a haka. Yawan gargaɗi ma cuta ne. A fashewar matatar Milford Haven a Birtaniya a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 cikin minti goma sha ɗaya na ƙarshe. Manhajar da ke ihu a kan komai tana koya wa mutane toshe kunne.

Ga kuma batun sa ido. Ana sayar da kyamarori masu gane wanda bai sa hula ba, da na'urorin da ake ratayawa masu faɗin inda ma'aikaci yake. Ba a musun amfaninsu, musamman ga wanda ke aiki shi kaɗai a cikin rami ko tanki. Amma duk tsarin da ya dogara da rahoton ma'aikata yana rayuwa ne da amana. Ranar da aka yanke wa wani albashi saboda ya rubuta cewa ƙafarsa ta zame, daga ranar babu wanda zai sake zamewa a rubuce, allon zai yi kore shar, shugabanni su yi barci.

Wannan ya kawo mu ga rabi na biyu na ma'aunin, wato iko. Auna zafi da waya abu ne mai sauƙi, tsayar da aiki saboda shi ne mai wuya. A 2021 ƙasar Katar, bayan dogon matsin lamba kan mutuwar leburori baƙi, ta haramta aiki a fili daga ƙarfe goma na safe zuwa uku da rabi na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta kuma ce a tsayar da aiki a kowane lokaci idan wani ma'auni da ke haɗa zafi da laimar iska da hasken rana ya haura digiri 32.1. Ana iya jayayya kan yadda ake aiwatar da dokar, amma ta ba lambar da ke kan na'ura haƙora. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, ta ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga ransa. Inda wannan kariya ba ta aiki a zahiri, leburan da wayarsa ta nuna masa ja zai mayar da ita aljihu ya ci gaba da ɗaukar bulo, domin ya san akwai goma a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa. Masu cewa hatsari ƙaddara ne ba su kawo hujjar barin shiri ba, tunda malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma ɗan kwangilar da ke faɗin haka bayan lebura ya faɗo ba ya barin kuɗinsa a buɗe da sunan ƙaddara.

Saura mai cewa duk wannan zancen manyan kamfanoni ne, kuma yana da gaskiya babba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sana'o'in da ba su da rajista. Dokar masana'antu ta 1987 ba da mai walda na bakin titi aka rubuta ta ba, kuma dokar biyan diyya ta 2010, wadda ta sa masu ɗaukar ma'aikata su zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun diyyar ma'aikata na hukumar NSITF, ba ta isa ga ɗan dako ko mai haƙar rijiya ba. Amma matsalar sanin da ba ya tafiya ta fi tsanani a nan. A 2010 Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, aka bincika aka tarar dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. A lokacin ana iya cewa masu haƙar ba su sani ba, kuma babu manhajar da za ta gano abin da sai an gwada ƙasa da jini. Amma a 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara kusan talatin a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, shekara biyar bayan an san sababin, an kuma san matakan kariya: a fitar da niƙa daga gari, a jiƙa dutse da ruwa don kashe ƙura, a yi wanka a sauya tufafi kafin a shiga gida.

Kayan aikin da zai dace da irin waɗannan wurare ba zai yi kama da na matatar mai ba. Zai yi magana da murya cikin Hausa domin da yawa ba sa karatun boko, zai yi aiki ba tare da intanet ba, zai nuna hoto maimakon dogon rubutu, kuma zai fi tafiya ta hannun ƙungiyoyin sana'a, na masu walda da makanikai da magina da masu haƙar ma'adinai, waɗanda dama suna da shugabanni da zaurukan WhatsApp da ikon hukunta ɗan ƙungiya. Tambayoyi biyar da mai gida zai saurara tare da yaransa kafin a kunna wuta a kan tanki sun fi fom mai shafi goma da babu mai buɗewa. Ko a nan ma iyakar manhaja ita ce isar da sani. A garin Bagega, wanda yana cikin wuraren da gubar ta fi yi wa illa a Zamfara, an san yawan dalmar da ke cikin ƙasa, an san yaran da ke buƙatar magani, kuma likitoci sun ce ba za su iya fara ba su magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don kada yaro ya warke ya koma cikinta. Kuɗin kwashewar bai fito daga gwamnatin tarayya ba sai a farkon 2013, bayan matasa sun yi ta gangami a kafafen sada zumunta.